Muhammad Ali da Mike Tyson a ganiyarsu: yadda za a auna karawar da ba a taɓa yi ba

Duk majalisar da ake hirar damben boksin, da wuya a tashi ba a taɓo Muhammad Ali da Mike Tyson ba. Wannan ya ce Tyson zai kwantar da Ali tun 'yan kallo ba su gama zama ba, wancan ya ce Tyson ko inuwar Ali ba zai taɓa ba. Abin da ke hana gardamar zuwa ko'ina shi ne kowa da Alin da yake nufi, kowa da Tyson ɗin da ke ransa, kuma ba a tsayar da dokar da za a yi damben a kanta ba. In aka tsayar da waɗannan, magana ta koma abin da za a iya aunawa da hujja.

Akwai hujja guda da ake yawan kawowa wadda ya kamata a fara ajiye ta gefe. Mutum biyu ne suka kara da su duka: Larry Holmes da Trevor Berbick. Dukansu sun ci Ali, dukansu kuma Tyson ya yi musu dukan kawo wuƙa, Berbick a turmi na biyu a Nuwambar 1986, Holmes a turmi na huɗu a Janairun 1988. To amma Alin da Holmes ya doka a Oktoban 1980 ɗan shekara 38 ne da jiki ya riga ya ƙi, wanda Berbick ya ci a Disambar 1981 kuwa saura wata guda ya cika arba'in. Shi ma Holmes lokacin da ya haɗu da Tyson shekararsa 38, ya kusa shekara biyu bai yi dambe ba. Babu abin da waɗannan karawa huɗu suka nuna face cewa tsufa ba ya barin kowa.

An ma taɓa gwada kwamfuta a irin wannan tambaya. A 1969 an ɗauki Ali da tsohon zakaran masu nauyi Rocky Marciano suna kwaikwayon dambe a gaban kyamara, aka ce na'ura ce za ta zaɓi ƙarshen, aka nuna a Amurka a Janairun 1970 Marciano ya ci a turmi na 13. Na'ura tana iya ƙirga nasarori da bugun kwaf ɗaya, amma yadda salon wani ke cin salon wani, wannan sai ido.

Wane Ali, wane Tyson

Ali ba ɗaya ba ne. Akwai na 1964 zuwa 1967, daga ranar da ya karɓe kambu a hannun Sonny Liston zuwa lokacin da aka ƙwace masa lasisi saboda ya ƙi shiga aikin soja. Akwai wanda ya dawo a Oktoban 1970 bayan shekara uku da rabi, ƙafa ta rage gudu amma jiki ya ƙara tauri. Sai na Kinshasa da Manila, inda ya kara da George Foreman a 1974 da Joe Frazier a 1975, mai dambe da ƙwaƙwalwa da juriya. Wanda masana suka fi ɗauka a matsayin ganiya shi ne na Nuwambar 1966, daren da ya gama da Cleveland Williams a turmi na uku a Houston, yana da shekara 24, nauyinsa kimanin kilo 96.

Na Tyson ya fi sauƙin zaɓe. Ganiyarsa gajeriya ce, daga 1986 zuwa Yunin 1988, lokacin da Kevin Rooney, almajirin Cus D'Amato wanda ya raini Tyson a dambe, yake kusurwarsa a matsayin mai horarwa. Ƙololuwarta daren da ya gama da Michael Spinks cikin daƙiƙa 91 a Atlantic City, nauyinsa kilo 99, saura kwana uku ya cika shekara 22. Bayan wannan dare ya rabu da Rooney, kuma duk mai kallon dambensa na baya zai ga motsin kai ya ragu, jerin naushi ya koma neman kisa da bugu ɗaya.

Ke nan Alin 1966 da Tyson ɗin 1988. A nauyi kusan kai ɗaya suke, kilo uku ne tsakani. A tsayi Ali santimita 191, Tyson 178. Tsawon hannu Ali 198, Tyson 180. Wannan santimita 18 tana ruɗin mutane, domin ana auna ta ne daga kan yatsan hannu ɗaya zuwa na ɗayan, an buɗe hannuwa, har da faɗin ƙirji a ciki. A hannu guda ratar ba ta wuce santimita tara ba. Tana da amfani, amma taku ɗaya mai sauri ya isa ya cinye ta.

Maganar nauyi tsakanin zamani da zamani

A wannan haɗi nauyi ba matsala ba ne, amma da yake shi ne ke lalata yawancin kwatancen zamunna, ya kamata a ɗan tsaya a kai. Marciano, wanda ya yi dambe 49 ba a ci shi ba, nauyinsa bai wuce kilo 84 zuwa 85 ba. A yau ko ajin masu nauyi ba zai shiga ba, domin tun 1979 aka buɗe wani aji a ƙasa, wanda iyakarsa yanzu ta kai kusan kilo 91. Shi ya sa haɗa Marciano da Lennox Lewis mai kilo 110 da ɗoriya ya zama tambayar sikeli fiye da tambayar gwaninta.

Sai dai girma shi kaɗai bai taɓa wadatarwa ba. Jack Dempsey yana kilo 85 ya ragargaza Jess Willard mai kilo 111 a 1919. Joe Louis ya gama da Primo Carnera mai kilo 118 a 1935. A kusa-kusan nan, Oleksandr Usyk, wanda tsayinsa da tsawon hannunsa daidai suke da na Ali, ya ci Anthony Joshua sau biyu, ya ci Tyson Fury sau biyu a Riyad a 2024, a karon na biyu Fury ya fi shi da kilo 25. Abin da tarihi ya nuna shi ne in mutum ya kai kilo 95 zuwa 100, yana da ƙafa da numfashi, to yana iya tsayawa gaban kowa. Ali da Tyson duka sun kai wannan mizani.

Dokoki, fili da alƙalin wasa

A zamanin Ali damben kambu turmi 15 ne, kowane turmi minti uku, hutu minti ɗaya. Bayan mutuwar ɗan damben Koriya Duk Koo Kim a 1982, hukumar damben duniya ta WBC ta rage zuwa 12, sauran hukumomi suka biyo baya kafin ƙarshen shekarun 1980. Minti 45 da minti 36 ba dambe ɗaya ba ne. Kafin a dakatar da Ali ya riga ya cika turmi 15 sau biyu, da George Chuvalo a 1966 da Ernie Terrell a 1967. Tyson sau uku ya cika turmi 12 a duk rayuwarsa, bai taɓa ganin na 13 ba, kuma bai taɓa yi wa kowa bugun kwaf ɗaya ba bayan turmi na goma.

Safar dambe ma ta canza. A shekarun 1960 masu nauyi sun fi sa mai gram 227, yanzu mai gram 283 ake sawa. Ƙaramar safa tana taimakon mai ƙarfin naushi, tana kuma ratsa tsakanin hannuwan mai tare fuska cikin sauƙi, saboda haka kowa na da rabonsa a ciki. Girman fili ya fi wannan muhimmanci. Akwai mai ƙafa 16 a kowane gefe, akwai mai 20, akwai mai 24. A fili mai ƙafa 16, taku uku na baya ya kai mutum igiya. In shimfiɗar ƙasan ta yi laushi kuma, ƙafa tana nutsewa, mai zagaye yana gajiya da wuri. Wannan na cikin abin da ya sa Ali ya daina rawa tun turmi na biyu a Kinshasa.

Wanda aka fi mantawa da shi kuwa shi ne mutum na uku da ke cikin fili. A karawa ta biyu da Joe Frazier a Janairun 1974, alƙalin wasa Tony Perez ya bar Ali yana riƙe ƙeyar Frazier yana danne kansa duk lokacin da ya matso, Ali ya ci da maki ba tare da ya sha wuya sosai ba. A Manila, Carlos Padilla ya riƙa ture hannun nan daga ƙeya, sai damben ya zama yaƙin da ya kusa hallaka su duka biyun. Mutum biyu ne ba su canza ba, alƙali ne ya canza.

Abin da Tyson zai zo da shi

Salon da D'Amato ya koyar a garin Catskill na Amurka an gina shi ne domin gajeren mutum ya ci dogo. Hannuwa biyu manne da kumatu, gwiwoyin hannu manne da haƙarƙari, haɓa a ƙasa. Ba a tsayawa a tare naushi, kaucewa ake yi ta hanyar lanƙwasa ƙugu da gwiwa, hagu, dama, ƙasa, kuma kowace kaucewa tana tafiya da taku zuwa gaba. Hikimar ita ce kaucewar da kanta ke ɗana naushi: in Tyson ya sunkuya hagu don zungurin abokin karawa, wato miƙaƙƙen naushin hannun gaba, ya wuce ta kan kafaɗarsa, nauyinsa ya riga ya taru a ƙafar hagu, sai kawai ya saki naushin lauje, wato mai zuwa a lanƙwashe daga gefe. A wurin horo akwai ƙaramin buhun yashi da ake ratayewa yana lilo, ɗan dambe yana kauce masa ɗaruruwan sau, kuma kowane naushi yana da lambarsa, mai horarwa yana kira yana saki.

Jerin naushin da Tyson ya fi shahara da shi: dama a haƙarƙari, sannan dama ɗin nan dai ta taso daga ƙasa ta sami haɓa. Dukan haƙarƙari yana sa mutum ya sauke gwiwar hannu ya duƙa, ya kawo haɓarsa daidai inda na biyu zai same ta. Kuma ba ya tsayawa a gabanka bayan ya buga. Yana yin tsalle kaɗan zuwa gefe, ka juyo neman sa, ka haɗu da wani. Wanda ya kalli faɗuwar Berbick ya san ƙarfin abin: naushi ɗaya a gefen kai, ya faɗi, ya yunƙura ya sake zubewa kan igiya, ya sake tashi ya tangaɗa zuwa ɗaya gefen ya faɗi a karo na uku.

Ramin da ke jikin Ali

Ali ya karya ƙa'idojin da ake koya wa yaro a makon farko. Hannuwansa a ƙasa, kuma maimakon ya kauce gefe, baya yake jan kansa, naushi ya wuce gaban hancinsa da ɗan yatsa. Idonsa da saurinsa ne suka ba shi wannan dama. Amma jan kai baya yana aiki ne a kan naushi ɗaya mai miƙewa. Naushin lauje da aka sako da tsalle yana bin kai har inda ya ja ya tsaya, kuma mai jan baya a miƙe ƙarshensa igiya.

Tarihinsa ya tabbatar da haka. Sonny Banks ya kai shi ƙasa a turmin farko a 1962. Henry Cooper, mai kilo 84 kacal, ya zaunar da shi a ƙarshen turmi na huɗu a Wembley a 1963, ƙararrawa ce ta cece shi. Frazier ya kwantar da shi a turmi na 15 ranar 8 ga Maris 1971. Duka ukun da laujen hagu. A damben gargajiya, inda taɓa ƙasa da hannu ko gwiwa kisa ne an gama, da tuni an rubuta waɗannan a kansa. Boksin ne ya ba shi ƙirgen goma, kuma duka ukun ya miƙe tun ƙirge bai yi nisa ba.

Eddie Futch, wanda ya shirya Frazier da Ken Norton, ya gano wurare biyu. Na farko, in Ali zai yi zungurin hagu, hannunsa na dama yana barin fuska, saboda haka aka ce wa Norton ya zungura a daidai lokacin da Ali ke zungura. Da haka Norton ya ci shi a 1973, har ya karya masa muƙamuƙi. Na biyu, in Ali zai kai naushin ƙasan haɓa, yana sauke hannun damarsa daga nesa, ya bar gefen fuska a buɗe, sai aka ce wa Frazier da ya ga hannun ya sauka ya saki lauje.

A nan ne ƙullin wannan karawa yake. Naushin da ya fi cutar da Tyson a rayuwarsa shi ne na ƙasan haɓa, domin mai sunkuyawa gaba shi yake kawo kansa gare shi. Da shi Tony Tucker ya girgiza shi a turmin farko a 1987, da shi Buster Douglas ya fara rushe shi a Tokyo, shi Lewis ya yi ta amfani da shi a 2002. Ga Ali kuwa, wannan shi ne naushin da ya fi rauni a hannunsa, kuma shi ne ke buɗe ƙofar laujen hagu. Makamin da ya fi buƙata shi ne wanda ya fi jefa shi cikin haɗari. Ƙari a kan haka Ali kusan ba ya dukan jiki, kai kawai yake nema, kan Tyson na 1988 kuwa ba ya zama wuri ɗaya.

Hanyar zagayensa ma abin dubawa ce. Ali ya fi zagayawa zuwa hagunsa, abin da ke nisanta shi da laujen hagu amma ya kai shi bakin hannun dama. Tyson yana da naushin dama a haƙarƙari da zai tare wannan hanya. In Ali ya juya ya bi dama, ya nufi lauje ke nan. Frazier hannu ɗaya ne abin tsoro a jikinsa, kuma ba ya zafi sai turmi na uku ko na huɗu. Tyson hannu biyu ne, ya fi Frazier na 1971 nauyi da kilo shida, ya fi shi saurin ƙafa, kuma tun daƙiƙar farko a tafashe yake. Duk mai cewa Ali zai yi wasa da shi daga farko bai kalli turmi na 11 na damben 1971 ba, inda lauje ɗaya ya sa ƙafafun Ali suka yi ta rawa har ƙarshen turmi.

Ramin da ke jikin Tyson

Tun yana ganiya akwai mutanen da suka nuna hanya. James Tillis ya kai shi turmi goma a 1986 da motsi gefe-gefe. James Smith ya kai shi 12 a Maris 1987 da riƙo kawai, har aka cire masa maki. Tucker, mai tsayi santimita 196, ya kai shi 12 da zunguri da riƙo. Dukansu sun sha kaye, amma abu ɗaya ya bayyana a duka ukun: in aka rungume Tyson, yarda yake yi. Yana tsayawa ya jira alƙali ya raba. Frazier in ka riƙe shi, hannun da ya kuɓuta yana ci gaba da dukan ciki. Tyson, duk da gajerun hannuwa da suka dace da faɗan kusa, hutawa yake yi a wurin. Bayan turmi na biyar ko na shida kuma motsin kansa yana raguwa, domin lanƙwasa ƙugu da gwiwa ɗaruruwan sau aiki ne mai cin numfashi, sai ya koma shigowa a miƙe da naushi ɗai-ɗai.

Masu goyon bayan Tyson suna da amsa mai ƙarfi, Tyrell Biggs. Dogo ne mai zunguri da ƙafa, mai lambar zinare ta Olamfik ta 1984, ya zo da niyyar zagaye a Oktoban 1987. Turmin farko ya yi kyau, daga nan dukan ciki ya ɗaure masa ƙafa, aka gama da shi a na bakwai. Wannan gaskiya ne, kuma yana nuna rawa kaɗai ba ta isa ba. Bambancin shi ne Biggs ya daina motsi da ya ji zafi, kuma ba shi da hannun dama da zai sa Tyson ya yi tunani kafin ya shigo.

Douglas a Fabrairun 1990 ya haɗa duka: zunguri biyu-biyu, dama a bayansu, taku zuwa gefe, riƙo in an matso. Gaskiya Tyson ɗin Tokyo ba na 1988 ba ne. Kusurwarsa ko ƙarfen danne kumburi ba su zo da shi ba, safar roba suka cika da ruwan ƙanƙara suna ɗora masa a ido. Duk da haka ya kai Douglas ƙasa a turmi na takwas. A na goma Tyson ne ya faɗi, yana rarrafe yana lalube robar haƙori, ya cusa ta a baki a karkace. Evander Holyfield a 1996 ya ƙara darasi: in ka tura shi baya, naushinsa ya mutu, domin duk ƙarfinsa a tafiyar gaba yake.

Akwai kuma abin da ba a auna shi da tef. Da yawa daga abokan karawar Tyson tsoro ya cinye su tun a ɗakin sa kaya. Ali ya riga ya fuskanci irin wannan sau biyu. Liston ya gama da Floyd Patterson sau biyu a turmin farko, nauyin Liston kilo 99, tsawon hannunsa santimita 213, ana ganin ba mai tsaya masa. A turmi na biyar na damben 1964 wani abu ya shiga idon Ali har ba ya gani sosai, ya miƙa hannun hagu a fuskar Liston yana zagayawa har idon ya washe, Liston kuma ya ƙi tashi daga kujera a na bakwai. George Foreman ma haka aka yi ta jin tsoronsa kafin Kinshasa. Gaba da gabanta. Ali ya cika turmi 12 da karyayyen muƙamuƙi, ya sha naushin Earnie Shavers yana ɗan shekara 35 ya tsaya, ba a taɓa ƙirga masa goma ba. Tyson kuwa bai taɓa tashi daga ƙasa ya ci dambe ba, ko sau ɗaya.

Patterson, wanda shi ma ɗan makarantar D'Amato ne, Ali ya ci shi a turmi na 12 a 1965, amma kada a ɗora nauyi da yawa a kan wannan. Patterson bai kai kilo 90 ba, kuma ciwon baya ya dame shi a daren.

Yadda damben zai iya tafiya

A ɗauka fili mai ƙafa 20, turmi 15, alƙali mai matsakaicin hali. Turmi huɗun farko na Tyson ne ta fuskar haɗari, ko da ba ta fuskar maki ba. Zai fito da gudu, ya yanke fili, wato maimakon ya bi bayan Ali sai ya riƙa takawa gefe yana tare gabansa har ya matse shi a kusurwa. Aikin Ali a nan matakai ne ƙanana da dole ya maimaita ba kuskure: zunguri biyu, na farko don Tyson ya kauce, na biyu ya same shi a inda kaucewar ta ƙare, dama mai miƙewa daga sama zuwa ƙasa, sannan ko dai ya fice gefe nan take, ko ya shige ciki ya ɗora hagu a ƙeya, dama ta kama gwiwar hannu, ya danna nauyinsa a wuyan Tyson. Abin da ba zai yi ba shi ne tsayawa a tsaka-tsaki, nisan da gajeren hannu ke cika aiki, ko ja da baya a miƙe fiye da taku biyu.

A ganina Ali zai ji a jikinsa a wannan zango, kuma ba abin mamaki ba ne ya taɓa ƙasa sau ɗaya. Tambayar ita ce ko Tyson zai iya gamawa da mutumin da ke tashi da wuri, ya san riƙo, kuma hankalinsa ke dawowa cikin minti ɗaya na hutu. Abin da aka gani a rayuwar Ali ya nuna da wuya.

Daga turmi na biyar zuwa na goma lissafi yana juyawa. Kowane riƙo yana cin wuya da ƙugun Tyson, kan da ke lilo ya fara tsayawa, zungurin da yake wucewa ta kafaɗa ya fara sauka a ido. Zungurin Ali mai murɗawa ne a ƙarshe, yana yanka fata yana kumbura ido, kamar yadda fuskar Cooper da ta Terrell suka shaida. Tyson zai ci gaba da zama haɗari da naushi ɗaya, kamar yadda Douglas ya gani a na takwas, amma naushi ɗaya shi ne irin wanda idon Ali ya fi iya gani. Daga na 11 zuwa sama kuwa Tyson ya shiga ƙasar da bai sani ba.

Hukuncina shi ne Alin 1966 ya ci, ko dai da maki ko alƙali ya tsayar tsakanin turmi na 11 da na 14, kuma in za a yi sau goma zan ba shi shida zuwa bakwai. Ragowar na Tyson ne, kusan dukansu a cikin turmi huɗun farko.

Alin Kinshasa kuwa ya fi shiga haɗari, ko da yake ya fi wayo da tauri. Jingina da igiya ya yi aiki a kan Foreman ne saboda Foreman naushi masu faɗi yake kaiwa, suna sauka a damtse da gwiwar hannu, kuma ya ƙarar da kansa kafin turmi na takwas. Tyson gajerun naushi yake yi masu ratsa tsakiyar hannuwa daga ƙasa, igiya kuma ita ce inda ya fi son ya sami mutum. Wannan Alin dole ya dogara kacokan a kan riƙo. In aka mai da filin ƙafa 16, aka rage turmi zuwa 12, aka kawo alƙali irin Padilla mai ture hannu daga ƙeya, to a kan Alin 1974 zan karkata wajen Tyson, a kan na 1966 kuma zan ce biyar da biyar.